Yadda za ka yi ma masarautar labarinka tambari

Wanga rubutu na 'yan uwana ne marubuta da masu shirya wasan kwaikwayo, waɗanda ke ƙirƙiro masarauta daga kansu, a ba ta sarki da fada da ganuwa, sannan in an zo wurin tambari sai a shiga intanet a ɗauko zaki mai kambi irin na Ingila a manna. Ni ma haka na fara, lokacin da nike rubuta labarin wata masarauta da na sa ma suna Birnin Gawo (babu ta a duniya, ni na ƙirƙiro ta), kuma sai da wani dattijo baduku ya gyara mini tunani sannan abin ya zauna.

Abu na farko, kar ka ɗauki bik tukuna. Zauna ka tambayi kanka wa ya kafa garin, mi ya koro shi daga inda ya fito, mi mutanen ke ci, kuma da mi suke alfahari in sun shiga baƙon wuri. Duk abin da zai hau garkuwar da ake zana tambarin a kai daga cikin amsoshin nan zai fito. Ka dubi tambarin Nijar da aka amince da shi a 1962, ai ba ado ba ne kawai aka jera: rana a tsakiya, mashi da takubba biyu irin na Buzaye sun gicciya, zangarniyar hatsi ukku, kan sa daga ƙasa, tutoci huɗu kuma daga baya. Manomi ya ga kanshi, makiyayi ya ga kanshi. Na maƙwabtanmu Najeriya ma haka, farin layin nan mai kama da Y bisa baƙar garkuwa kogin Kwara ne da Binuwai inda suka haɗu. To a tawa masarautar, wanda ya kafa ta gudun yaƙi ya yi ya sauka gindin gawo da rani, kuma duk wanda ya yi noma a ƙasarmu ya san halin gawo, da damina ya zubar da ganye lokacin da sauran itace ke kore, da rani kuma shi ke da inuwa da 'ya'yan da bisashe ke ci. Mutanen da suka tsira lokacin da kowa ya faɗi, wane itace ya fi dacewa da su? Daga nan na bar zancen zaki.

Kuma fa kar wani ya ce maka mu ba mu da wannan al'adar. Muna da ita, illa dai ba bisa takarda muka aje ta ba. Kalmar tambari kanta ka duba, ita ce sunan gangar sarki wadda ba a buga ma kowa sai shi, ita ce kuma yau muke kiran alamar hukuma da ita. Katsina na da takobin nan Gajere, Kano na da tagwayen masu, Daura na da rijiyar Kusugu da labarin macijin. Bagobiri daga nesa zanen fuskarshi ya gaya maka ko shi wane ne. Akwai dagin Arewa da ke jikin gine-gine da riguna, akwai rawani da alkyabba da laima da kakaki. Mu nan Maradi da sarautar ta taso daga Katsina bayan jihadi a farkon ƙarni na 19, ga Gobir nan kusa a Tibiri, in ka tsaya ka kalli hawan salla da idon basira za ka cika littafi guda da abin zane, tun daga kayan doki har kwalkwali da lifidi.

Sai launi, kuma nan ne ya kamata mu ari wata doka wurin Turawa don tana da amfani ƙwarai. Su tun ƙarni na 12 suka fara zana alama bisa garkuwa, har a Landan akwai ofishin da aka kafa a 1484 don wannan aikin kuma yana nan har yanzu. Sun kasa launi gida biyu, zinariya da azurfa (wato rawaya da fari) gefe guda, ja da shuɗi da kore da baƙi da shunayya gefe guda, kuma ba a ɗora na gida ɗaya bisa ɗan uwanshi. Ja bisa fari eh, rawaya bisa baƙi eh, amma ja bisa kore a'a. Dalili kawai don a gane abu daga nesa cikin ƙura.

Ni ban yarda ba sai da na gani da idona. Zanena na farko koren fili ne da jar akuya irin tamu ta Maradi a gindin itacen, ga mashi, ga ƙwarya, ga tauraro, ga kogi, komi na zuba. Na kai ma dattijon nan a rumfarshi cikin kasuwa ina so ya fitar mini da shi bisa fata don 'yan wasanmu su riƙe. Ya karɓi kwalin, ya miƙa hannu ya nisanta shi da fuska, ya ɗan runtse ido, ya ce "ɗana tahi can bakin rumfar mai goro ka tsaya ka gaya mini mi kake gani." Na tafi na juyo, wallahi akuyar ta ɓace cikin koren, sai wani duhu-duhu kamar tabon mai. Na dawo na ce Baba gaskiya ba a ganin komi. Ya ce abin da wuƙarshi ba za ta iya yankawa a fata ba, idon mutum ma ba zai riƙe shi ba, in zaɓi abu biyu in bar sauran. Ya jawo guntun farar fata ya ɗora baƙa a kai, ya yanka siffar gawo mara ganye cikin ɗan lokaci kaɗan, ya sa 'yar jar fata daga ƙasa a madadin akuyar, sai ga abu ya tashi tsaf.

Don haka launi biyu ko ukku sun isa, alama ma kar ta wuce ukku. In ka gama ka gwada shi ta hanya biyu, ka zana shi ƙarami daidai girman dala ashirin ka ga ko ana gane shi, sannan ka yi hotokofi baƙi da fari don a hatimi haka zai fito.

Siffar garkuwar ba dole sai mai tsinin nan ta Turai ba, mahayanmu na da doguwar garkuwa mai faɗi ta fatar walwaji (wani naman daji mai dogayen ƙahoni), kana iya yin zagayayya ma. Abu ɗaya ka kiyaye in kana bayani cikin labari, a wannan fannin dama da hagu na mai riƙe da garkuwar ake nufi ba na mai kallo ba, shi ya sa mashin tambarin Nijar da aka ce yana dama kai a hagunka kake ganinshi.

Rubutun ƙasa kuma don Allah a bar Latin da Faransanci, kirari za ka yi. Ji yadda ake cewa Katsina ɗakin kara, Kano tumbin giwa, Gobir gidan faɗa, kalma biyu ukku amma sun ɗauke tarihin gari gaba ɗaya. Ka faɗi naka da ƙarfi kamar kai ne maroƙin da ke gaban dokin sarki, in numfashinka ya yanke kafin ka kai ƙarshe to ya yi tsawo, rage shi. Na Birnin Gawo "inuwar rani" na sa, kuma da ajami na sa aka rubuta don ya fi kama da zamanin labarin. Ayar Alƙur'ani dai ban ba da shawarar a sa ba ko kaɗan, tambari abu ne da za a buga a riga da takarda, a zauna a kai, ya faɗi ƙasa a taka.

Inda abin ke ƙara daɗi shi ne manyan fada. Turawa in ɗan sarki zai yi tashi garkuwar sai a ƙara 'yar alama bisa ta ubanshi don a bambanta su, kai ma kana iya yin haka da sarautunmu. A tsarin Katsinar Maradi akwai Galadima da Kaura da Durbi da 'Yandaka, ga kuma Iya ta ɓangaren mata. Ni kowa na bar mishi gawon, Kaura da yake shi ne na yaƙi na juya mishi filin ya koma ja itacen ya zama fari, Galadima na ƙara mishi ƙofar gari, Iya na ba ta ƙwarya. Ranar da muka yi wasan, da mai jar garkuwa ya shigo fili ba a kai ga kiran sunanshi ba yara na gaba suka fara cewa ga Kaura nan. Ka samu kwali guda ka zana su duka jere da sunan kowa a ƙasa, ka liƙa shi inda kake rubutu, don kar a babi na 3 garkuwar Galadima ta zama fara a babi na 20 kuma ka mance ka maida ta shuɗiya.