Yadda ake gano laifin BCM a tsohuwar jif, da yadda ake canza ta

Tsohuwar Prado ko RAV4 ko Pathfinder ta kan fara wasu halaye: wayifa ta tashi ba ruwan sama, ƙofofi su kulle kansu, gilashin taga ya tsaya a rabi, fitilar ciki ta kwana a kunne, da asuba kuma batir ya mutu. Abin da za ka fara ji a garaji shi ne "ƙwaƙwalwa ce ta ƙone". Ana nufin BCM, ƙaramin akwatin da ke kula da wutar jikin mota, wato fitilu, sigina, makullai, wayifa da hon. Ba ita ce kwamfutar inji ba. Toyota na kiranta Main Body ECU, Mitsubishi kuma ETACS, kuma galibi tana ƙarƙashin dashbod, a Toyota ma manne take da akwatin fis na gefen direba.

Sau da yawa akwatin da aka ɗora wa laifi lafiyarsa lau. Don haka kada ka tura kuɗi Duwala ko Maiduguri a sayo wani kafin ka yi awo.

Fara da batir. Mota a kashe, mitar awon wuta da ka ɗora a kan batir ta nuna kusan volt 12.6. In ta yi ƙasa da 12.2, caja shi tukuna, domin raunin wuta kaɗai kan sa waɗannan akwatuna hauka, kuma zafin Maris da Afrilu a Garwa ko Kuseri, da ke haura digiri 40, yana saurin cinye batir. Tayar da inji: ka ga tsakanin 13.8 da 14.5. In ya wuce 15, altaneta ce ke dafa kayan wuta, duk sabuwar BCM da ka sa za ta bi 'yar'uwarta.

Sai fis. Kada ka tsaya kallonsu da ido, gwada kowanne da fitilar gwaji a ƙafafunsa biyu. BCM na shan wuta ta fis fiye da ɗaya, wani na kullum, wani sai an murɗa makulli.

A nan ne ake buƙatar haƙuri: wayar mas, wadda ke ɗaure da ƙarfen jikin mota. Nemo ƙusar da baƙaƙe ko fararen wayoyi masu baƙin layi suka taru a kanta, a bayan robar da ke gefen ƙafar direba. Kunna fitilu da wayifa, ka ɗora tsinken mita ɗaya a kan mas ɗin soket ɗin BCM, ɗayan a kan ƙafar batir mara wuta. Abin da ya wuce volt 0.2 ya yi yawa. Kwance ƙusar da sifana lamba 10, goge wurin da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, ka mayar ka ɗaure tam. Hanya irin ta Marwa zuwa Kuseri ta Mora da Waza tana sassauta irin waɗannan ƙusoshi, tana kuma karya wayoyin da ke cikin robar tsakanin ƙofa da jikin mota. In matsalar ta tsaya a ƙofa ɗaya, yaye wannan robar ka ja wayoyin ɗaya-ɗaya, wadda ta karye a ciki za ta miƙe kamar danƙo.

Yanzu sa hannu ƙarƙashin kafet. Danshi ko warin ruma na nufin ruwa na shiga, ko ta gefen gilashin gaba da aka canza ba a like shi da kyau ba, ko ta bututun zubar da ruwan tagar rufin mota da ƙurar hunturu ta toshe, ko ta bututun ruwan AC. Ruwan Agusta, ratsa mayo, wato kogi, a cike, da wankin mota da injin feshi har cikin dashbod, duk hanya ɗaya suke bi. Cire soket ka haska da tocila: kore-kore ko farin gari a kan ƙafafu alamar ruwa ce. Wani lokaci feshin wanke kayan wuta da tsohon buroshin haƙori sun isa.

Duba kuma abin da aka ƙara wa motar, alam, na'urar bin sawu, rediyon Android, fitilun LED. Cire su ka sake gwadawa.

In batir ne ke mutuwa cikin dare, jera mita a kan ampa 10 tsakanin ƙafar batir mara wuta da wayarta, rufe ƙofofi, jira minti 30 zuwa 40 mota ta yi barci. Kada ka murɗa makulli a wannan hali, fis ɗin mita zai ƙone. Ƙasa da miliampa 50 daidai ne. In ya fi haka, zare fis ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi. Ko da a kan fis ɗin BCM ta faɗi, tuna cewa ɗan makunnin ƙofa da ya maƙale kan hana ta barci.

Bayan haka ne na'urar bincike ke da amfani, kuma ƙaramar da ke karanta inji kaɗai ba za ta shiga BCM ba. Ana son Techstream a Toyota, Consult a Nissan, ko babbar na'ura irin Launch da Autel. Lambobin da suka fara da B na jikin mota ne, U0140 kuma na nufin sauran kwamfutoci sun daina jin BCM. A motar da ke da layin CAN, wato wayoyin da kwamfutocin mota ke magana da juna ta kansu, cire batir ka auna tsakanin ƙafa ta 6 da ta 14 a soket ɗin OBD, inda ake jona na'urar bincike: om 60 lafiya, 120 layi ya yanke a wani wuri, kusa da sifili wayoyin sun haɗe. Hukuncin ƙarshe shi ne wannan: wuta na shiga, mas na da kyau, na'ura na nuna BCM ta ga ka danna makunni, amma ba ta fitar da wuta zuwa rile, wato makunnin da wuta ke sarrafawa, ko fitila ba. To, ta mutu.

Wajen saye, lambar da ke jikin akwatin ce abin bi, ba sunan mota ko shekara ba. Ta Toyota kan fara da 89221, ta Nissan da 284B1, kuma sauran lambobin ma sai sun zo ɗaya. Motar da ta fito daga Amurka da ta Turai ko Dubai ba lallai su yi tarayya ba, ko rimot ɗinsu ma ya bambanta, 315 MHz a Amurka, 433 a Turai. In ta hannu ce, buɗe murfin ka duba tabon ruwa, shinshina ko akwai ƙauri, ka kuma yi sharaɗin mayarwa da mai kaya.

Kafin ka kwance, in tsohuwar tana amsa na'ura, kwafe saitinta. Kashe mota, zare makulli ka fitar da shi waje don kada ƙofofi su kulle da shi a ciki, cire ƙafar batir mara wuta, jira aƙalla daƙiƙa 90 a Toyota, minti 3 a Nissan, saboda jakar iska. Kada ka taɓa soket masu launin rawaya, na jakar iska ne. Ɗauki hoton wayoyi da wayarka, danna harshen kowane soket kafin ka ja, robar da ta sha zafin shekara 15 ba ta jure ƙarfi. Sa sabuwar, tura kowane soket har ka ji ƙas, sannan ka mayar da batir.

A Nissan da yawa BCM na cikin tsarin gane makulli, don haka inji ba zai tashi ba sai an yi wa makullai rajista da na'ura. Kawo dukkansu a lokaci ɗaya, wanda aka bari a gida zai daina aiki. A tsofaffin Toyota akwatin gane makulli daban yake, yawanci rimot da saitin tagogi kaɗai za a sake. Lokacin rajista, haɗa caja ta riƙe wuta sama da volt 12.5.

Sannan toshe inda ɓarnar ta shigo. A like gilashi, a buɗe bututun da ya toshe. A daina cire kan batir inji na aiki don gwada altaneta, kada a tayar da jif da wutar volt 24 ta babbar mota, kuma mai walda ya cire batir kafin ya kunna injinsa. Kafin ka mayar da robobin dashbod, zuba ruwa bokiti biyu a kan gilashin gaba da rufi, ka leƙa ƙasa da tocila ka ga ko yana ɗiga.