Yadda ake kawar da Aiptasia daga tankin murjani

Aiptasia 'yar halitta ce mai launin ƙasa-ƙasa da ke shigowa tanki a maƙale jikin dutse ko murjanin da aka sayo. Tana harbin murjanin da ke kusa da ita har ya mutu. Kada ka kankare ta da wuƙa ko buroshi, domin kowane gutsure da ya ɓalle sabuwa zai zama.

1. Sa safar hannu. Kwaɓa cokalin shayi ɗaya na garin kalkwasa (farin garin calcium hydroxide) da ruwan da aka tace da na'urar RO (matatar da ke cire kilorin da sauran sinadarai), ya yi kauri kamar koko. Ruwan famfon Accra akwai kilorin, a guje shi.

2. Kashe duk injinan da ke motsa ruwa.

3. Zuƙi kwaɓin a sirinji mara allura. A nan ake yawan kuskure: da zarar ka taɓa Aiptasia, sai ta shige ramin dutse. Matso a hankali, ka ɗiga mata a baki, ka lulluɓe ta duka. Kada ko ɗigo ya faɗa kan murjani, yana ƙona shi.

4. Jira minti 20, sannan ka kunna injinan. Idan ana dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ɗage aikin gaba ɗaya.

Kashe Aiptasia uku ko huɗu a rana ya isa a ƙaramin tanki, saboda kalkwasa na ɗaga pH, wato ma'aunin tsami da kanwa-kanwa na ruwa; kada ya wuce 8.5. Bayan mako guda a sake duba ramukan da tocila.

Idan sun yi yawa, jatan lande Lysmata wurdemanni na cin ƙananan. Berghia kuwa, wata 'yar katantanwar teku mara ƙoƙo, Aiptasia kaɗai take ci, in ta ƙare yunwa za ta kashe ta.