Ku binne tulu a tsakiyar furanninku

Jama'a, masu furanni a ƙofar gida, ga dabara.

Ku samo tulun ƙasa marar fenti. Ku binne shi tsakiyar shukar, wuyansa kaɗai a waje. Ku cika shi da ruwa, ku rufe bakin da tsohon faranti saboda sauro.

Jikin tulu yana tsattsafo ruwa kaɗan-kaɗan, kai tsaye zuwa saiwa. Rana ba ta shanye shi kamar wanda aka watsa a sama. A zafin Maris da Afrilu, kuɗin mai garuwa zai ragu.

Sai dai danshin ba ya nisa, shukar da ke kewaye da tulun kawai yake kaiwa. Sabon dashe kuwa, ku riƙa ba shi ruwa da hannu har ya kama. Da damina ba sai kun cika ba.