Kurakuran da matasan makaɗan ogan da fiyano ke ta maimaitawa a Legas

Duk shekara yaranmu na saukowa Legas daga Jos, Kafanchan da Biliri, kowa da kunne mai kyau da hannu mai sauri. Sai a ba shi kibod a cocin Hausa a Agege ko Obalende, mata su yi masa guɗa, shi kuma ya ɗauka ya iso. Na gaji da ganin abu ɗaya yana kayar da su.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne maɓallin tiransifos. Yaro ya iya ki ɗaya tak (wato matakin muryar da ake ɗora waƙa a kai), galibi C ko F, duk waƙar da aka ɗauko sai ya latsa, inji ya ɗaga masa murya ko ya sauke. Ni ma da shi na taso, kuma ya ci mini aiki. Wata majami'a a cikin tsibirin Legas ta nemi mataimakin mai ogan, na je gwaji. Shugaban mawaƙa ya zaunar da ni gaban fiyano ta katako, ya buɗe waƙa a A filat, murya huɗu a rubuce. Babu abin latsawa. Yatsuna suka tsaya cik. Ya rufe littafin ya ce, "Ɗana, je ka koyi karatu ka dawo." Albashin da damar taɓa ogan mai bututu kullum, wani ya tafi da su.

Abin da na yi, na liƙe maɓallin da salatif. Kowace asuba ina bin sikeli, wato jerin amo daga ƙasa zuwa sama, na ki 12 da hannu biyu, a hankali, sannan in buɗe littafin waƙoƙi mai nota duk inda ya faɗa, in kaɗa ba tsayawa ko na yi kuskure. Solfa, wato do-re-mi, yana taimakon mawaƙa, amma shi kaɗai ba zai haye da kai jarrabawar ABRSM (hukumar jarrabawar kiɗa ta Birtaniya) mai aji 1 zuwa 8 ba, balle difloma a makarantar kiɗa ta MUSON da ke Onikan.

Na biyu, ana hawa ogan da hannun fiyano. A fiyano guduma ce ke bugun waya, amo ya fito ya mutu sannu a hankali, fedar dama kuma ta rufa maka asiri. Ogan iska ce cikin bututu. Muddin yatsa na kai tana kuka, kana ɗagawa ta yanke, kuma ko ka doke ta da ƙarfi ba ta ƙara amo. Dole ka koyi musanya yatsa a kan maɓalli ba tare da ka sake shi ba, in ba haka ba waƙa za ta fito gutsi-gutsi.

Sai ƙafafu. Haba ƙannena! An shimfiɗa maka feda 30 ko 32, kai kuma ƙafar hagu kaɗai ke tsalle, ba takalmi, idonka a ƙasa. Wa ya koya muku haka? A garin nan T.K.E. Phillips ya riƙe ogan ɗin babbar majami'ar Marina daga 1914 zuwa 1962. A hannunsa shahararren makaɗi Fela Sowande ya fara, kafin ya samu babbar shaidar masu ogan ta Ingila a 1943. Ayo Bankole, wani gwanin ogan, ma ya bi ta nan. Kunnen mutanen Legas ya saba da aiki mai tsabta, sahu ɗaya za ka taka su gane ka. Ka sayi takalmi mai siririn tafin fata da ɗan dunduniya, ka ajiye shi a jaka, kada ya taɓa titi. Ka yi aikin ƙafa ita kaɗai, diddige da kan ƙafa, kafin ka haɗa da hannun hagu. Ni zane nake yafawa a cinya don kada in leƙa.

Sauran ƙanana ne. Kada ka buɗe sitop (maɓallan zaɓen amon ogan) duka ka danne jama'a, sujada suka zo yi. Ka bar musu numfashi tsakanin baiti da baiti. Ku gama maganar kuɗin biki ko jana'iza kafin ranar, har da na mota. Laimar Legas tana sa maɓallan fiyano su maƙale, don haka ka janye ta daga jikin taga, ka kira mai gyaran muryar fiyano sau biyu a shekara. Ogan mai lantarki kuwa, kada ka jona ta da janareto sai da sitabilaiza a tsakani.