Idan filas ya ƙi karɓar babban fayil alhali da sauran wuri

Kana tura bidiyon biki mai nauyin gigabayit 6 zuwa filas mai gigabayit 32, sai Windows ta ce fayil ɗin ya yi girma. Filas ɗin lafiyarsa ƙalau. Tsarin da yake ajiye fayiloli da shi ne FAT32, wanda ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabayit 4.

1. Tabbatar tukuna. Danna maɓallin dama na linzami a kan filas ɗin, ka zaɓi Properties, za ka ga sunan tsarin.

2. Kwashe duk abin da ke ciki zuwa kwamfuta. Fomatin, wato share filas ɗin a sake masa tsari, wanda za ka yi a mataki na gaba, ba ya barin ko hoto ɗaya.

3. Sake danna dama, ka zaɓi Format. A nan ne ake bukatar natsuwa, domin a nan za ka zaɓi sabon tsari, exFAT ko NTFS. exFAT, wanda Microsoft ta fitar a 2006, yana aiki a Windows da Mac, shi ya sa na fi son sa. NTFS ma yana ɗaukar manyan fayiloli, amma Mac karantawa kawai take yi, ba ta rubutu a kansa sai da ƙarin manhaja. Duba harafin filas ɗin da kyau, E ne ko F, kada ka share wani faifan daban.

4. Danna Start, ka jira, ka mayar da kayanka.

Sai dai wasu tsofaffin talabijin da rediyon mota FAT32 kaɗai suka sani. In can za ka soka filas ɗin, bar shi yadda yake, ka rage nauyin bidiyon ko ka yanka shi gida biyu.