Yadda ake sa tsohuwar manhajar Larabci ta nuna rubutu daidai a Windows

Ɗalibai da yawa sun kawo mini kwamfutarsu da kuka iri ɗaya: sun saka tsohuwar Maktaba Shamila, ko wata manhajar hadisi ta zamanin faifan CD, sun buɗe, ba Larabci ba alamarsa. Inda ya kamata a ga sallama, sai ÇáÓáÇã Úáíßã, ko jerin alamun tambaya. Kusan dukkansu sun riga sun ƙara allon rubutun Larabci, wasu har sun sauko da samfurin haruffa iri-iri. Ba nan ciwon yake ba, kada ka ƙona datarka.

Waɗannan manhajoji an rubuta su ne ba da Unicode ba, wato tsarin haruffa na zamani da ya haɗa harsuna duka. Kowane harafi lamba ce, Windows ce ke duba jadawali ta fassara ta. Jadawalin Larabci shi ne 1256, kwamfutar da ta zo da Turanci kuwa tana kan 1252, kuma lambar da take alif a na farko ita ce Ç a na biyu. Jadawalin za mu sauya.

Kafin komai, cire manhajar gaba ɗaya. Na san da ciwo idan ka kwana kana kwafe littattafai, amma sunayen fayil da suka koma alamar tambaya tun wajen sakawa ba sa warkewa.

Yanzu danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta intl.cpl, ka danna Enter. Shiga Administrative, sai Change system locale, ka zaɓi Arabic. Ni ta Saudiyya nake zaɓa kullum, kai ma ita za ka zaɓa, ko da yake ta Masar ma 1256 ce.

Tsaya nan, kada ka yi saurin danna OK. A ƙasan tagar akwai ɗan akwati mai rubutu da ya fara da Beta, yana maganar UTF-8 (wani salon Unicode), wanda ya shigo Windows 10 a 2018. Dole ya zama babu maki a cikinsa. Wannan akwatin ya taɓa cinye mini wuni guda cur. Wani ƙanina ya kawo kwamfutarsa daga wurin mai gyara, na zaɓi Larabci, na kashe na kunna har sau uku, rubutu na nan a dagule. Sai bayan la'asar idona ya kai kan makin. Ashe mai gyaran ne ya saka shi, yana ganin taimako ya yi. Muddin yana nan, Windows ba ta kallon 1256 ko kaɗan.

Bayan ka danna OK, sai ka kashe kwamfutar ka kunna ta hanyar Restart, ba wai ka rufe murfi ba, sannan ka sake saka manhajar. Turancin Windows ba zai taɓu ba, haka ƙ da ɗ da ɓ ɗinka a Word. 'Yan'uwa na Nijar masu tsofaffin manhajojin Faransanci, ƙananan haruffa irin é da ç suna cikin 1256, amma manya irin É za su lalace.

Idan akwatuna kake gani maimakon haruffa, samfurin harafi ne babu: ƙara Arabic Script Supplemental Fonts daga Optional features a cikin Settings. Kwamfutar ofis da ba ka da izinin shugaba (administrator) a kanta kuwa, nemi mai kula da ita, don ba za ta bari ka sauya ba.