Faiba mai yauƙi da rage yunwa: inda ake yawan kuskure

Masu son rage ƙiba da masu ciwon suga sun sha jin cewa abinci mai faiba, wato ɓangaren hatsi, wake, ganye da 'ya'yan itace da ciki ba ya iya narkarwa, yana riƙe ciki. Gaskiya ne, amma da yawa suna gwadawa su ce ba su ga komai ba, kuma akasari laifin na yadda suka yi ne.

Kuskuren farko shi ne ɗaukar duk faiba abu ɗaya. Akwai wadda ba ta narkewa a ruwa, irin ta dusar alkama da ɓawon hatsi, babban aikinta sauƙaƙa bahaya. Akwai kuma mai narkewa, a cikinta ma wadda ta fi taɓa yunwa ita ce mai kauri da yauƙi: ta kuɓewa, da kuka, da lalo, da karkashi, da ots (hatsin da ake dama kunu da shi), da sha'ir. Idan ta haɗu da ruwa a ciki sai ta kumbura ta yi danƙo, abinci ya daɗe bai bar tumbi ba, suga ya riƙa shiga jini a hankali. Abin da ya isa babban hanji kuma, ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke can su sarrafa shi, hanji ya saki sinadaran GLP-1 da PYY masu sanar da ƙwaƙwalwa an ƙoshi. Don haka mai barbaɗa dusa a kunu yana jiran yunwa ta ɗauke, ya ɗauko abin da ba shi ne gwanin wannan aiki ba.

Na biyu ya fi damuna, domin a kan tuwonmu yake faruwa. Mutum ya ji an yabi miyar kuɓewa, sai ya sa a yi masa, amma miyar ɗan tsirit ce, tuwon kuwa malmala uku. Kowa ya san miya mai yauƙi santsi take sa wa loma, tuwo ya wuce ba tauna, kafin ciki ya aika saƙon ƙoshi an riga an share kwano. Gyaran shi ne a juya lissafin: miya ta yi yawa ta yi kauri, a rage malmala, a fara da shan miyar cokali kaɗan kafin a taɓa tuwo, a ci a natse. Manja ko man gyaɗan da ake kwararawa a kai shi ma a rage, don faiba ba ta goge kitsen da aka ci.

Sai tacewa. Mun saba abin sha sai ya bi ta rariya ko abin tata, alhali dusar da ake zubarwa da ita ake tafiya da faiba mai yawa. A 1977 masu bincike a Bristol ta Ingila sun ba mutane tuffa iri uku: ɗanya a tauna, markaɗaɗɗiya, da tataccen ruwanta. Wadda aka tauna ta fi ƙosarwa, ruwan ya zo ƙarshe. Lemu, gwaiba, mangwaro, a ci su da tsokarsu. Wake kuma dafaffe da ɓawonsa ya fi ƙosai da aka surfe aka soya riƙe ciki ba tare da tarin mai ba. Mai azumi da ya gwada shi da sahur zai ga bambanci da shayi da burodi.

Wasu kuwa gaggawa ce ke kayar da su. Jiya ba sa kusantar wake, yau sun cika kwano safe da dare, sai kumburin ciki da tusa, su ce bai karɓe su ba. Hanji yana bukatar makonni kafin ya saba. A ƙara kaɗan-kaɗan, a jiƙa wake a zubar da ruwan kafin dafawa. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2023 ta ba da shawarar babba ya samu aƙalla giram 25 na faiba a rana, amma ba a rana ɗaya ake kaiwa can ba.

Ruwa dole ne, musamman ga masu shan garin psyllium, faibar da ake sayarwa a kemis. In aka sha shi da ruwa kaɗan yana iya shaƙe mutum ko ya toshe hanji, kuma yana iya rage ƙarfin wasu magunguna, shi ya sa ake raba su da kamar awa 2. Mai shan maganin suga ko mai wahalar haɗiya ya fara tambayar likita.

Ots ma ba sai an yi bashi an saya ba. In an saya, a guji wanda aka riga aka zuba wa suga, kada kuma a cika shi da madarar gwangwani mai zaƙi. Tasirin faiba a kan ƙiba kaɗan ne, yana taruwa a hankali, kuma sai an rage farar shinkafa, lemon kwalba da soye-soye yake bayyana a sikeli.